Kantin Turai da Baƙon da Ya Saba da Tela

Duk wanda ya leƙa Turai ko Amurka ya dawo, idan aka zauna hira aka gama zancen sanyi da na abinci, ba a daɗewa sai an gangaro kan sayayya, kuma ba kasafai ake jin yabo ba. Wannan ya ce ya yini yana shiga kantuna bai samu wando daidai ƙugunsa ba. Waccan ta ce ta bi titi guda daga farkonsa har ƙarshensa, babu rigar da ta rufe mata hannu da ƙafa gaba ɗaya. Wani ya nemi ragi, mai jiran kanti ta nuna masa 'yar takardar da ke rataye a wuyan rigar, ta ci gaba da aikinta. Wani kuma ya fita ran Lahadi da kuɗinsa a aljihu ya tarar gari a kulle. A irin wannan majalisa ba a rasa mai kare mutanen can, yawanci ɗalibi ko ma'aikacin da ya daɗe a ƙasar, wanda zai ce laifin baƙo ne: in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura.

Na sha jin wannan gardama, kuma abin da na lura shi ne kowane ɓangare yana tattara abubuwa daban-daban ya ɗaure su dami guda. Mai kuka yana kukan komai, mai karewa yana kare komai. Alhali a cikin ƙorafin matafiyi akwai wanda rashin sabo ne kawai, akwai kuma wanda hasara ce ta gaske da mutanen can suka yi tun da daɗewa har suka daina jin zafinta.

A fara da ranar Lahadi, tunda ita ta fi saurin kama baƙo. A Jamus da Ostiriya kantuna manya da ƙanana a rufe suke ran Lahadi, in ka ɗebe na manyan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama da gidajen mai da masu gasa burodi. A jihar Bavariya ma ko ranar aiki ƙarfe takwas na dare ake rufewa. Ka ɗauki mutumin da ya taso daga Kano a watan Janairu, ya sauka Munich daren Asabar da kaftani da 'yar suwaita, da niyyar gobe da safe ya sayi rigar sanyi mai kauri. Gari ya waye, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ya fito ya ga rigunan nan a jere bayan gilashi, fitila na haska su, ƙofa kuwa sai Litinin. Taron da ya zo dominsa Litinin ɗin da sassafe za a fara. Ba wanda zai ce wa wannan bawan Allah kukansa ba shi da tushe. Hujjarsa a fili take: mai kaya yana son ciniki, ni ina son kaya, me ya shigar da hukuma tsakaninmu? A gida ko ran Sallah ka ƙwanƙwasa wa mai shago ƙofa zai fito ya buɗe maka.

Sai dai ba don a wahalar da baƙo aka yi dokar ba. Tsarin mulkin Jamus na 1949 ya gaji wani sashe daga na 1919 wanda ya keɓe Lahadi ta zama ranar hutawa daga aiki, a 1956 kuma aka kafa dokar lokutan rufe kantuna. Da aka miƙa wa jihohi wannan iko a 2006, Berlin ta ba da izinin buɗe kantuna a dukan Lahadi huɗun da ke gaban Kirsimeti. Coci-coci suka kai ƙara, a 2009 Kotun Tsarin Mulki ta ce Berlin ta wuce gona da iri. Ƙungiyoyin ƙwadago ma suna tsaye kan dokar, kuma dalilinsu ne ya fi kama hankalina. Matar da ke yini a tsaye tana ninke riguna uwa ce. In aka ba ta hutu ran Talata, 'ya'yanta suna makaranta, mijinta yana wurin aiki. Hutun da ke haɗa iyali shi ne wanda gari duka ke yi tare. Mu da muke jawo ƙofar shago in an kira sallar Juma'a, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ya kuma dace mu tuna da yaran shagon kasuwanninmu, waɗanda da yawansu ba sa samun hutu sai ranar da ciwo ya kwantar da su.

Su kansu Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba. Ingila tun 1994 ta yarje wa manyan kantuna awa shida ran Lahadi. Hangari ta hana a 2015, jama'a suka yi ta ƙorafi, ta janye a 2016. Folan kuwa ta fara hanawa a 2018. Amma ni a nan ina bayan masu gida. Wahalar baƙo ta yini ɗaya ce, kuma tambaya guda kafin a hau jirgi tana maganinta.

Zancen farashi ya fi wannan zurfi. A wajenmu ciniki hira ce mai ƙa'ida. Ka shiga layin 'yan shadda a Kantin Kwari, a gaisa, a tambayi iyali, a turo maka benci. Yaro ya sauko da yadin, a warware, ka murza shi tsakanin yatsu, ka ɗaga shi wajen haske ka ga ƙyallinsa. "Alhaji, nawa yadi?" Ya faɗa. Ka taya. "Albarka." Ka ƙara kaɗan. "Haba Malam, ko ni ban sayo haka ba." Ka miƙe za ka tafi, ya ce, "Dawo, kawo kuɗin, na sallama. Allah ya sa a kashe lafiya." Kafin almakashi ya taɓa yadin nan kun san juna, gobe in ka dawo ba baƙo ba ne kai. Wanda ke kukan takardar farashi wannan yake kewa. Ya shiga kanti mai hawa biyar, ya ɗauki kaya, ya biya da kati, ya fita, ba wanda ya tambayi sunansa. Kuma ba gaisuwa kaɗai ya rasa ba. Ciniki yana da ƙofar tausayi. Mai shago yana ganin matar da ta zo sayen kayan Sallar marayu ya yafe ribarsa, yana ganin ɗalibi ya rage, yana ganin maƙwabci ya ce tafi da shi, ƙarshen wata ka kawo. Takarda ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

To amma a juya tambayar: in ana ciniki, wa ke saye da tsada? Mai kunya, da baƙo, da wanda bai iya harshen gari ba, da wanda aka ga alamar yana sauri. Ribar da aka sarayar wa ɗan gari sau da yawa a kan baƙo ake fanshe ta. Alhazanmu a kasuwannin Makka da Madina, da 'yan kasuwarmu a Dubai da Alƙahira da Guangzhou, inda ƙofar ciniki take a buɗe, kukansu wani ne dabam: na saya kaza, na dawo masauki na tarar abokin tafiyata ya samu da rabin kuɗin. A 1991 wani malamin shari'a a Amurka, Ian Ayres, ya wallafa binciken da ya yi a wuraren sayar da motoci na Chicago, inda ake taya kaya kamar yadda muke yi. Ya tura masu saye da aka koya musu magana iri ɗaya, sai ya tarar ana yanka wa baƙaƙen fata da mata kuɗi sama da na fararen maza. Wannan ya isa ya sa mutum irinmu ya sake tunani. Baƙar fata, baƙo, ba Jamusanci ba Faransanci: a duk birnin Turai da ya sauka babu wanda takardar farashi ta fi karewa kamarsa, domin abin da ɗan gari ya biya shi ma shi zai biya.

Su ma Turawan da ciniki suka saba a da. Cikin waɗanda suka fara ƙin sa akwai mabiya wata ɗariƙar Kirista a Ingila da ake kira Kweka, tun ƙarni na 17, waɗanda suka ɗauki faɗin kuɗin da ka san ba shi ne gaskiyar kaya ba a matsayin ƙarya. Wanda ya taɓa jin malamanmu suna gargaɗi kan yawan rantsuwa a kasuwa zai gane damuwarsu. Daga baya manyan kantuna suka mai da abin tsari: Aristide Boucicaut a kantin Le Bon Marché na Faris daga 1852, da John Wanamaker a Filadelfiya, wanda ake danganta yaɗuwar takardar farashi da shi. Dalilinsu na kasuwa ne. Kantin da ke da ɗaruruwan ma'aikata ba zai bar kowanne ya yanka kuɗin da ya ga dama ba. Yarinyar da baƙo ke roƙo ta rage masa ba mai kayan ba ce; kuɗin yana cikin kwamfuta, in ta taɓa shi aikinta ta taɓa. A Jamus ma daga 1933 har zuwa 2001 akwai dokar da ta hana mai kanti ya yi wa mai saye ragin da ya wuce kashi 3 cikin 100, don haka an yi iyaye da kakanni da ba su taɓa koyon taya riga ba. Ragi yana nan, sai dai ana shelanta shi ga kowa lokaci guda. A Faransa hukuma ce ke tsayar da lokacin babban rangwame, sau biyu a shekara, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Yuni, kowanne mako huɗu, kuma wanda ya dace da shi yakan samu ragin da bakinsa ba zai taɓa samo masa ba.

Ko a nan na fi karkata ga masu gida, amma ba da dukan zuciya ba. Adalcin takarda na daidaita kowa ne, ba na duba halin kowa ba, kuma wanda aka taɓa yi wa ragi ranar da aljihunsa ya gaza ya san bambancin. Shi ya sa ba na mamakin ganin mutanenmu in sun je Faris suna zarcewa unguwar Château Rouge, in sun je Landan suna neman shagunan leshi da atamfa na wajen Petticoat Lane. A can mai kayan ne da kansa a bayan tebur, ana iya zama a yi magana.

Inda nake ganin matafiyi yana da gaskiya tsantsa a zancen kuɗi shi ne Amurka. A jihohi 45 cikin 50 akwai harajin saye, kuma ba a sa shi cikin kuɗin da ke jikin riga, sai ka je biya a ɗora maka. A Chicago ya haura kashi 10 cikin 100. A birnin New York tufa ko takalmin da bai kai dala 110 ba babu haraji a kansa, wanda ya kai kuwa sai an ɗora kusan kashi 9. Masu kare wannan suna cewa yana nuna wa ɗan ƙasa abin da hukuma ke karɓa daga hannunsa, kuma tunda harajin ya bambanta daga gari zuwa gari, kamfani ba zai iya buga takarda ɗaya ga dukan rassansa ba. Hujja ta farkon tana da ɗan nauyi, amma rasit ma zai iya nuna harajin. Darajar takardar farashi duka ita ce abin da ta faɗa shi ne gaskiya. In ta faɗi wani abu aka karɓi wani, ta zubar da abin da aka yarda da ita dominsa. A Turai harajin yana cikin kuɗin tun farko, kashi 19 a Jamus, kashi 20 a Faransa da Birtaniya. Baƙon da zai fita da kayan daga Tarayyar Turai ma yana iya neman a mayar masa da wani ɓangare, in sayayyarsa ta wuce Yuro 50 a Jamus ko Yuro 100 a Faransa, muddin ya karɓi takarda a kanti ya kai wa kwastan kafin ya tashi. Birtaniya ta soke wannan tun farkon 2021, abin da masu zuwa Landan haɗa lefe ya kamata su sa a lissafi.

Maganar mayar da kaya ba ta buƙatar dogon zance, domin a nan sun fi mu. A Tarayyar Turai abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ba da dalili ba, kayan da ya fito da aibi kuma doka ta ba ka shekara biyu. Wanda ka saya a cikin kanti lafiya lau, karɓarsa alfarma ce ta mai kanti, ba tilas ba, amma yawancin manyan kantuna suna karɓa in rasit yana hannu kuma ba a cire takardar jikin kayan ba. Matafiyi yakan ce wannan ba ta amfane shi ba tunda jibi zai tashi, kuma wani lokaci maimakon kuɗi sai a ba shi takardar sayayyar da ba ta aiki sai a kantin. Gaskiya ne. Amma mu da a shaguna da yawa kaya in ya fita ya fita ke nan, ko da yake fiƙihunmu ya san mayar da kaya saboda aibi, ba mu da bakin raina wannan tsari.

Yanzu ga inda nake ganin kukan baƙo ya wuce rashin sabo. Mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa, mai kuɗi ne ko talaka, ya saba a auna shi. Ka kai wa tela yadi, ya zaro tef daga wuyansa, ya auna kafaɗa, da hannu, da wuya, da ƙirji, da tsawon riga, da cinya, da tsawon wando, ya rubuta a littafinsa ko a 'yar takardar da zai soke a jikin yadin. Ya dube ka ya ce, "Baba, a ɗan sake maka ciki?" Ka ce a sake. Rigar da za ta fito taka ce, ba ta wani ba. Mai doguwar hannu, da mai ƙiba, da wanda kafaɗarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, duk haka ake yi musu, ba wanda ya taɓa jin cewa jikinsa ne matsala.

A kantin Turai lamba ce ke jiran ka, kai za ka nemi shiga cikinta. Kuma lambar ba ta da tsayayyar ma'ana. Rigar mace da ake kira 12 a Ingila ita ce kusan 8 a Amurka, 38 a Jamus, 40 a Faransa, 44 a Italiya. Takalmin namiji 42 a Turai shi ne 8 a Ingila, 9 a Amurka. Ko a ƙasa ɗaya kamfani biyu ba sa yarda da juna, har kamfani ɗaya ma lambarsa ta bana ba lallai ta zama ta shekarun baya ba, domin an daɗe ana faɗaɗa kaya a bar musu ƙaramar lamba don mai saye ya ji daɗi. Turai ta fito da ma'auni na bai ɗaya mai aiki da santimita, amma ba a tilasta wa kowa ba, kamfanoni suka ci gaba da nasu. Asalin lambobin ma abin dubawa ne. A Amurka, awon da aka gina lambobin mata a kansa an yi shi ne tsakanin 1939 da 1940, ƙarƙashin Ruth O'Brien da William Shelton, a kan mata kusan 15,000, kuma awon fararen mata kaɗai aka yi lissafi da shi. Daga nan aka fitar da ma'aunin 1958, wanda aka yi watsi da shi a 1983. Saboda haka in 'yar'uwarmu ta shiga ɗakin gwada kaya da wando uku a hannu, wanda ya shiga cinya ya yi mata yawa a ƙugu, wanda ya kama ƙugu ya ƙi wuce cinya, ta fito ranta a ɓace tana zargin jikinta, ba jikinta ne da laifi ba. Ba a yi awon da ita a zuciya ba. Kuma ba baƙi kaɗai ke shan wannan ba. 'Yan ƙasar ma suna sha, sai dai yawancinsu ba su taɓa sanin daɗin tela ba, balle su yi kewarsa.

Ga mace mai son sutura abin ya ninka. Kantin Turai da yanayi yake tafiya: da bazara an kwashe masu dogon hannu, da hunturu an kwashe marasa nauyi. Sai ta samu doguwar riga, ta juya bayanta ta ga a buɗe. Ta samu mai dogon hannu, tsawonta iya gwiwa. Ta samu mai tsawo da hannu, ta ga an tsaga ta har cinya, ko yadin shara-shara ne babu shafi. Ƙarshenta sai ta sayi uku ta haɗa su kafin ta samu suturar da tela zai fitar mata daga yadi guda. Masu karewa sukan ce kasuwa tana bin masu saye ne, kuma abin yana canzawa: Uniqlo ta fara fitar da kayan sutura tare da Hana Tajima a 2015, Nike ta fito da hijabin wasanni a 2017. Haka ne, kuma abin a yaba ne. Amma ba kasuwa kaɗai ke yanke hukunci ba. A Fabrairun 2019 kamfanin Decathlon ya shirya sayar da hijabin gudu a Faransa, 'yan siyasa da wasu jama'a suka yi ca a kansa, ya janye. Masu saye suna nan, mai sayarwa ya yarda, wasu ne suka shiga tsakani. Matar da ta ji a ranta cewa ba a so a ga irinta a kantin ba zato kawai take yi ba.

Hujjar masu kare ɗinkakkun kaya tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya haura Yuro 12 a awa guda, kamar Jamus, tela ba na talaka ba ne. Kwat ɗin da aka auna mutum aka ɗinka masa a titin Savile Row na Landan fam dubbai yake ci. Ko rage tsawon wando a ƙananan shagunan gyaran ɗinki, waɗanda sau da yawa baƙi 'yan ci-rani ke riƙe da su, yana iya cin abin da ya kusa kuɗin wandon. Ɗinkakkun kaya su suka ba leburan Turai damar sa sabuwar riga. Kana gani, kana gwadawa, kana biya, kana tafiya da abinka a yini ɗaya. Ba a ɓata maka yadi mai tsada, ba a ce maka dawo gobe. Kuma akwai kayan da telanmu ba zai iya ba ko ya so: rigar sanyin da ruwa ba ya ratsa ta, da takalmin tafiya cikin ƙanƙara. Duk wannan gaskiya ne.

Amma araha ba ta ado, kuma wannan arahar akwai masu biyan cikonta. Rigar da ake sayarwa Yuro biyar ba a Turai aka ɗinka ta ba. Ran 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a wajen birnin Dhaka na Bangaladash, mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu masu ɗinka kayan da ake kai wa kantunan Turai da Amurka, bayan an ga ginin ya tsage kwana ɗaya kafin nan aka ce su koma bakin aiki. Wannan farkon tafiyar rigar ke nan. Ƙarshenta kuwa mun san shi, domin wajenmu yake. Abin da aka sa 'yan lokuta aka gaji da shi, shi ake ɗaurewa dila-dila ya zo mana gwanjo. A kasuwar Kantamanto ta Accra, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 shara suke zama. Gwanjo ya rufa wa mutane da yawa asiri, ba na musun haka, amma tsarin da ke ɗinka kayan da ba a auna kowa ba, da yawan da ya wuce buƙata, dole ya nemi inda zai zubar da ragowar. Su kansu masu tsarin sun fara jin nauyinsa. Faransa ta hana kamfanoni lalata tufafin da ba a sayar ba tun 2022, a ƙarshen 2023 kuma ta fito da tallafin Yuro 6 zuwa 25 ga wanda ya kai rigarsa ko takalminsa gyara maimakon ya yar. Ƙasar da sai an ba mutum tallafi kafin ya kai riga wajen tela, ta rasa wani abu da har yanzu yake a kowace unguwa tamu.

Don haka matafiyin da ya fito daga kanti hannu biyu yana cewa gara telansa, ba ƙauyanci yake yi ba, ya san abin da yake faɗa. 'Yan'uwanmu mazauna can ma rabo suke yi: kayan sanyi da na aiki da takalma daga kanti, kayan Juma'a da na Sallah da na biki daga gida. Yadin kansa sau da yawa na Turai ne. Shaddar Getzner a garin Bludenz na Ostiriya ake saƙa ta, kamfanin yana nan tun 1818; atamfar Vlisco a Helmond ta Holan ake buga ta, kamfanin tun 1846. Sai yadin ya taso daga can ya sauka kasuwarmu, a tura wa tela awo ta WhatsApp, a ɗinka, a yi aiki a wuya, a sa a akwatin wani mai tafiya ya koma Turai. Inda wannan hanya ke yawan karyewa wuri ɗaya ne, kuma a nan masu kare kanti ba su yi ƙarya ba: alkawarin tela. Ya ce Laraba, Laraba ta zo bai ko yanka ba, wanda zai tafi da kayan kuwa jirginsa daren Alhamis zai tashi, ya tafi ya bar su a kan keke.